ISKAR TAYA DA SIFIRIN BABUR: WANNE YA KAMATA A FARA DUBAWA?

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya kusa ninkawa uku cikin 'yan kwanaki, kuma bai sāke komawa inda ya fito ba. Ma'aikata da yawa waɗanda su ke da mota suka jingine ta a gida, suka koma kan babur. Yau babur ya riƙe wa akawu da malamin makaranta matsayin da keke ya riƙe wa iyayensu a zamanin En'e, watau shi ne ƙafar zuwa ofis, shi ne na kai yara makaranta, shi ne kuma na ɗauko hatsi daga ƙauye ran kasuwa.

Da ya ke masu babur sun yi yawa, masu sayar da kayansa ma sun yi yawa, kuma akwai abubuwa biyu da a ke yawan kwaɗaita wa jama'a. Na fari wata 'yar na'ura ce da a ke ɗaura wa taya, ta riƙa gaya wa mai tuƙi yawan iskar da ke ciki. Na biyu kuwa shi ne a cire shokazoba da sifirin da babur ya zo da su daga masana'anta, a sa waɗansu da a ke cewa sun fi ƙarfi. Mai albashi ba shi da kuɗin da zai yi ta gwaji, sabo da haka muka ga ya kamata mu bi asalin abubuwan nan biyu, mu duba aikinsu, sa'an nan mu faɗi abin da mu ke gani ya fi cancanta a fara kashe wa kuɗi.

INDA NA'URAR TA SAMO ASALI

Ba don babur aka fara yin na'urar auna iska ba. Kamfanin Porsche na Jamus ya sa ta cikin wata motarsa mai tsada a 1986, amma ba ta bazu ba sai da wata masifa ta auku a Amurka. Cikin watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, domin an ga fatar bayansu tana saɓulewa ana cikin gudu, musamman a kan motar Ford Explorer, kuma motar ta kan kife. Mutanen da suka rasu ta wannan hanya sun haura 200. Kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kan wanda ke da laifi, kuma cikin abin da suka yi gardama a kai har da yawan iska: Ford ya ce a sa 26, Firestone ya ce 30 ne daidai.

Majalisar Amurka ba ta yi jinkiri ba. Cikin Nuwamba na wannan shekara aka sa hannu a kan doka, kuma daga ran 1 ga Satumba, 2007, ko wace ƙaramar mota sabuwa da za a sayar a ƙasar tilas ta zo da fitilar da za ta kama idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta na'urar a kan dukan sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba, 2014.

Abin lura a nan shi ne, dokokin nan biyu ba su haɗa da babur ba. Abin da Turai ta wajabta wa babur shi ne birkin nan da ba ya ƙulle taya, ga wanda injinsa ya wuce 125, daga 2016. Indiya ma, wadda daga can Bajaj da TVS su ke zuwa mana, irin wannan doka ta birki ta yi, ta game dukan sababbin babura daga Afrilu, 2019. Na'urar iska kuwa manyan kamfanoni irin su BMW ne su ke sa ta a kan babura masu tsada don ganin damarsu. Wannan ya nuna cewa ko a ƙasashen da a ke ƙera babur, hukuma ba ta ɗauki na'urar a matsayin abin da za a fara da shi ba.

ABIN DA ISKA KE YI

Kada wannan ya sa wani ya raina maganar iska. Mota tana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta yi laushi uku na riƙe da ita. Babur ƙafa biyu gare shi, kuma inda ko wace taya ta ke taɓa ƙasa bai kai faɗin tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wuri ne birki da kwana da nauyin mutum duka su ke dogara.

Idan iska ta yi kaɗan, gefen taya ya kan riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a ko wane juyi. Wannan lanƙwasa ita ke haifar da zafi, zafi kuwa shi ke raba roba da zaren da ke cikinta. Kan babur ya kan yi nauyi wajen juyawa, fetur ya ƙara tafiya, taya ta cinye ta gefe biyu. Ga mai tub akwai ƙarin haɗari: da ya faɗa rami sai bakin wili ya datse tub ɗin, ko kuwa taya ta zame a kan wili ta tsinke bawul, iska ta fice gaba ɗaya. Idan kuwa iska ta yi yawa, wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara ƙanƙancewa, babur ya riƙa tsalle a kan gargada, birki ya rage kamu, taya ta cinye ta tsakiya.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a sha'anin taya ido bai san ƙima ba, babban yatsa ma bai sani ba. Taya ta kan rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, a dube ta a ga kamar lafiya lau. Kuma ko ba ƙusa, iska tana tsiyayewa a hankali ta jikin roba, mai tub ya fi saurin rasa ta. Har wa yau iska tana bin zafi da sanyi: duk sa'ad da zafi ya hau ko ya sauka da digiri 5 zuwa 6, awon taya ya kan motsa da misalin 1. Wanda ya san bambancin asubahin hunturu da azahar ta bazara a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa masu ƙera taya su ke cewa a auna ta da sanyinta, kafin a hau. Wanda ya auna bayan doguwar tafiya ya ga awo ya hau ya sassauta bawul, to, gobe da safe tayarsa za ta kwana da yunwa.

Adadin da za a sa kuwa yana cikin littafin da babur ya zo da shi, sau da yawa kuma an liƙa shi a jikin marufin sarƙa ko kusa da tayar baya. Na gaba dabam, na baya dabam, kuma a kan ƙara na baya idan za a yi goyo. Lambar da ke rubuce a jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita a ke cikawa ba.

ABIN DA NA'URAR ZA TA IYA, DA ABIN DA BA ZA TA IYA BA

Na'urar iri biyu ce a wajen babur. Akwai wadda a ke sa wa cikin taya a gindin bawul, da batirinta a rufe, ta yi shekara biyar ko fiye, in batir ya mutu a sāke ta ɗungum. Wannan sai tayar da ba ta da tub. Akwai kuma ta waje, wadda a ke murɗawa a kan bawul maimakon murfinsa, tana da ɗan batir irin na agogo, tana aika labari ta iska zuwa wani ɗan allo a hannun babur ko zuwa wayar hannu. Ita ce mai araha, ita ce kuma 'yan kasuwa su ke kawowa daga Sin.

Amfaninta a bayyane ya ke. Ƙusa ta kan shiga taya ta zauna, iska ta riƙa fita sannu sannu ana cikin tafiya, mai tuƙi bai sani ba sai ya zo kwana. A irin wannan hali na'urar za ta yi ƙara tun da sauran dama, ya rage gudu ya sauka. Malamin da ke bin kwalta mil ashirin ko talatin kullum zuwa makarantarsa, in yana da hali, bai yi asara ba in ya saya.

Amma akwai abubuwan da mai talla ba zai faɗa ba. Yawancin baburan da ke hannun jama'armu masu tub ne, saboda haka ta ciki ba ta shafe su ba. Ta waje kuwa tana danne bakin bawul a buɗe kullum, watau iskar taya duka ta dogara ga 'yar robar da ke cikin na'urar, in ta lalace sai abin da aka saya don tsare iska ya zama shi ne ƙofar fitarta. Tana da ɗan nauyi kuma, idan taya na gudu nauyin nan ya kan riƙa rinjayar bawul, shi ya sa masu yinta su ke cewa a ɗaura ta a kan bawul na ƙarfe. Ga ƙura, ga ruwan damina, ga mai ɗan hali da zai murɗe ta a bakin kasuwa. Sa'an nan fashewar farat ɗaya ba ta jiran ƙararrawa. Na'urar ba ta san shekarun taya ba, ba ta ganin tsagewar da rana ta yi wa gefenta, ba ta ƙidaya facin da ke jikin tub. Aikinta ta faɗa, hura iskar kuwa yana wuyan mai babur.

Shekarun taya kowa na iya karanta su da kansa. A jikin ko wace taya da aka yi daga shekara ta 2000 akwai lamba huɗu a jere cikin ɗan zagaye. Biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta ke nan a mako na 23 cikin 2019. Wanda zai sayi taya, musamman ta gwanjo, ya fara duba nan kafin ya taya.

MAGANAR SHOKAZOBA

Abin da jama'a ke kira shokazoba abu biyu ne a haɗe. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Sandar da ke tsakiyarsa kuwa mai ne a cikinta, wanda a ke tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi, don ya hana sifirin yin ta lilo bayan an wuce rami. Mutane suna tsammani don jin daɗin zama aka yi su. Babban aikinsu shi ne su riƙe taya a manne da ƙasa, gama tayar da ke sama ba ta kama birki, ba ta kuma shan kwana.

A ƙasashen Turai abin ya yi nisa. BMW ya fitar da babur mai fok ɗin gaba na mai tun 1935, a 2004 kuma ya kawo wanda a ke saita laushinsa da maɓalli, yanzu har akwai waɗanda kwamfuta ke saitawa ana cikin gudu. Masu sāke shokazoba a can galibi sukan zaɓi sifirin da ya dace da nauyin jikinsu, su auna yadda babur ke nutsewa in sun hau. Ƙa'idar da makanikai su ke bi ita ce ya nutse misalin kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarsa, sauran kashi biyu a bar wa ramukan hanya.

A wurinmu kuwa dalilin ya sha bamban. Ana neman mai ƙarfi ne don a ƙara kaya. Kowa ya sha ganin babur an liƙa masa shokazoba biyu a ko wane gefe, ko an sa masa na wani babur da ya fi shi tsawo, an yi masa waldar ƙarfe a baya, an ɗora buhu biyu da mutum a kai. A nan ne haɗarin ya ke. Masana'anta ta rubuta iyakar nauyin da babur zai ɗauka, ta kuma auna birki da wili da taya da gangar jiki a kan wannan nauyi. Wanda ya ƙarfafa sifirin kaɗai bai ƙara wa birki kome ba, bai ƙara wa taya kome ba. Abin da ya yi shi ne ya ɓoye alamar da dā ke gaya masa kaya sun yi yawa, domin dā babur zai durƙusa ya gani, yanzu kuwa yana tsaye ƙyam har ran da taya ko wili za su ba da amsa. Nauyin da aka tara a baya yana kuma ɗage gaba, alhali kuwa yawancin ƙarfin tsayawa daga tayar gaba ya ke fitowa. Shokazoba mai tsawo fiye da ƙima ya kan ɗaga bayan babur, ya sa kansa rawa, ya ɓata saitin sarƙa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kamfanonin da ke sayar mana da babura sun san hanyoyinmu. Bajaj, alal misali, ya kan sa wa Boxer sifirin biyu, ƙarami cikin babba, don gargada da kaya. Yawancin baburan nan kuma suna da wani zobe mai matakala a gindin sifirin baya, wanda a ke juyawa a ɗaga babur in za a yi goyo, a sauke in mutum shi kaɗai ne. Kyauta ne, amma kaɗan ne su ke taɓa shi. Abin da ya fi damun baburanmu shi ne shokazoban da ya mutu ba a sani ba. Gwajinsa ba wuya: a danna bayan babur a saki, in ya taso ya tsaya yana da rai, in ya yi ta lilo mansa ya ƙare. A duba sandunan gaba kuma, in ana ganin mai yana tsatsa ƙura na liƙewa, robar bakinsu ta tafi, kuma man nan yana iya gangarawa ya jiƙa birki. Mai irin wannan babur gyara ya ke bukata, a mayar masa da irin wanda ya zo da shi, guda biyu tare, hagu da dama.

INDA HUKUMA TA SHIGO

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya ko wace shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu hawa babur ne da keke mai ƙafa uku. A nan gida, hankalin hukuma game da babur ya fi karkata ga abu biyu. Ɗaya hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tsananta a kanta daga Janairu, 2009. Ɗayan kuwa hana acaɓa, kamar yadda aka yi a Kano cikin Janairu, 2013, da waɗansu sassan Ikko a 2022. Ko wanne yana da dalilinsa. Amma lafiyar babur ɗin kansa ba ta sami irin wannan kula ba.

Maganar taya ta taɓa tashi sosai a 2016, bayan rasuwar Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa ran 6 ga Maris a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, sa'ad da tayar motarsu ta fashe. Aka yi ta gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma gargaɗin ya yi amfani. Sai dai yawancinsa masu mota aka yi wa.

Mu a ganinmu, wurin da ya kamata a fara shi ne rumfar mai faci. Shi ne likitan tayar talaka. Da yawansu suna da geji, amma geji ƙarfe ne, in ya sha faɗuwa da ƙura sai ya fara ƙarya, mai shi bai sani ba. Waɗansu kuwa da yatsa ko da bugun ƙarfe su ke awo. Tun zamanin dā hukuma ta san cewa mudu da sikeli ba a bar su ga son ran mai sayarwa, har akwai ma'aikatan awo da aka ɗora wa duba su. Idan ana duba sikelin da a ke auna gyaɗa, ina dalilin da za a ƙyale gejin da ran mutum ya rataya a kai? Ƙananan hukumomi suna iya ajiye geji ɗaya ingantacce a ofishinsu, masu faci su riƙa kawo nasu ana gwadawa sau biyu a shekara ba tare da biyan kome ba, a ba wanda nasa ya yi daidai shaidar da zai kafa a rumfarsa. Ƙungiyoyin masu faci da na makanikai suna nan a ko wane gari, da su ya kamata a yi shawara, kada abin ya zama wata sabuwar hanyar karɓar tara. Ma'aikatan duba motoci kuma, in sun tsai da babur, bayan takardu su duba taya da shokazoba.

SHAWARARMU

Ga mai albashi, ga yadda mu ke ganin ya kamata ya jera bukatunsa. Ya fara da gejin aljihu, wanda kuɗinsa bai kai na tub ɗaya mai kyau da aikin sa shi ba, ya zaɓi rana ɗaya cikin mako, ya auna tayoyinsa da safe kafin ya fita. Bayan wannan ya duba shekarun taya da zanenta, in ta tsufa ya sāke ta ko da sauran zane. Sa'an nan ya gwada shokazoba, in ya mutu ya mayar da irinsa, ya koyi juya zoben nan gwargwadon kayansa, ya kuma tsaya a kan nauyin da littafi ya faɗa. In ya gama waɗannan yana da saura, kuma tafiyarsa doguwa ce, to, ya sayi na'urar, ya riƙa gwada ta da gejinsa lokaci lokaci.

Malaman makaranta suna da wani aiki ƙari a kan wannan. Yaran da ke gabansu yau su ne za su hau babur gobe, waɗansu ma sun riga sun fara. Darasin yadda zafi ke kumbura iska yana cikin littafin kimiyya, kuma ba a rasa babur a harabar makaranta. A fito da yara da safe su auna tayarsa, su sāke aunawa bayan ya sha rana, su rubuta bambancin da hannunsu. Akawuna kuma su kai maganar gejin masu faci gaban shugabanninsu, gama irin wannan ƙaramin aiki ba ya bukatar jiran Abuja. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.